Kundin wasan ayarin goro: zaɓin 'yan wasa da abin da ke biyo bayansa

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau muka yi zaman farko bayan sallar isha'i, kuma na ware shi ne domin yarjejeniya kawai. Mu biyar ne: ni da zan ja ragamar labari, da ƙanena, da ƙanwata, da ɗan kawuna, da wani abokina malamin makarantar sakandare. Irin wannan wasa, wanda ake kewaye tebur kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labari yana faɗin abin da mutumin zai yi, daga Amurka ya fito, inda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a shekarar 1974. Namu labarin na gina shi ne a kan ayarin fatake da ya tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja a wajajen shekarun 1860, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da kayan fata, domin ya komo da goron da ake kawowa daga kurmin Asante. Abokina ya ɗauki madugu, ƙanena ya ɗauki jagaba, ɗan kawuna ya ɗauki uban dawaki wanda na damƙa wa dabbobi da masu tsaro, ƙanwata kuma ta ɗauki malamin ayari mai riƙe da lissafi.

Ƙa'idar jifa na aro ta daga Apocalypse World, wasan Vincent Baker da ya fito a 2010, saboda ƙwayar ludo guda biyu kaɗai take bukata. Ɗan wasa ya jefa su, ya ƙara makin gwanintarsa. Idan jimla ta kai 10 ya samu abin da yake so; daga 7 zuwa 9 ya samu, amma da wata asara ko wani zaɓi mai ɗaci; idan 6 ce ko ƙasa da haka, ni zan faɗi abin da ya auku. A wannan tsari mai jan ragama ba ya jifa da hannunsa ko sau ɗaya, saboda haka ba ni da hanyar ɓoye lamba ko sauya ta a bayan kwali.

Na kashe naira 4,200 a kan kwali, da maka biyu, da littafin rubutu, da ƙwayoyin ludo. Ƙwallon dabino 20 shi ne jakunan ayari, ƙwayar wake 60 a cikin kofi ita ce kuɗin wuri da ayari ya fito da shi. Abin da nake son koya a makonnin nan, wanda kuma saboda shi na buɗe wannan kundi, shi ne yadda zan bar mutanen nan huɗu su yanke shawara da gaske, sa'annan abin da ya biyo baya ya zama ɗan shawarar tasu.

Asabar, 11 ga Janairu

Zaman wasa na farko, kuma na yi kuskure tun kafin a yi nisa. Na shafe mako ina rubuta wani farmaki na 'yan fashi da nake alfahari da shi, da yadda za su fito daga kwazazzabo, da abin da shugabansu zai ce wa madugu. Da ayari ya kai mararraba, na ba su zaɓi tsakanin gajeriyar hanya ta daji da doguwar hanya mai bi ta garuruwa inda za a biya haraji a kowace ƙofa. Sun yi kusan minti ashirin suna muhawara. Ƙanwata ta zube waken a kan tebur ta lissafa abin da harajin zai ci, ƙanena ya dage a kan daji, daga ƙarshe madugu ya ce tsaron rai ya fi, aka bi garuruwa. Ni kuwa sai na ɗauko 'yan fashina na dasa su tsakanin gari na biyu da na uku.

Bayan an tashi, muna kwashe kofuna, ƙanwata ta ce mini, “Yaya, da ta daji muka bi, su ɗin za mu tarar ko?” Na ce mata e. Ta yi shiru kaɗan, sa'annan ta ce, “To me ya sa ka bar mu muna ta lissafi?” Ban sami amsar da zan ba ta ba. Masu wannan wasa suna kwatanta abin da na yi da ɗora mutane a kan layin dogo, inda duk yadda fasinja ya juya a kujerarsa jirgin tasha ɗaya zai kai shi. Minti ashirin ɗin da suka yi suna tunani na mayar da shi banza, kuma abin da ya fi damuna shi ne da ba ta tambaya ba, da na ɗauka zaman ya yi kyau.

Talata, 14 ga Janairu

Na yage shafi tara na labarin da na riga na tsara har zuwa Salaga. A maimakonsa na rubuta jerin mutanen da ke kan hanya, kowane da layi uku: abin da yake so, abin da yake tsoro, da abin da zai yi idan ayari bai taɓa shi ba. Kowace mararraba kuma na rubuta mata abubuwa biyu ko uku da za a iya ji daga bakin mutanen zango kafin a zaɓa, domin zaɓi tsakanin dama da hagu ba tare da wani labari ba canki ne kawai. Aikin ya ci mini dare biyu.

Asabar, 18 ga Janairu

Zama mai sauƙi, tafiya da ciniki. An kashe wake 5. A wani zango uban dawaki ya karɓi dawa daga hannun wata tsohuwa mai sayarwa ya ƙi biyan ta, ya ce ayari yana sauri. Raina ya so in hukunta shi nan take, amma na daure, domin tsohuwa ɗaya ba ta da ƙarfin tsayar da mutum mai takobi. Na rubuta a littafina cewa ɗan'uwanta mai masauki ne a Zugu, wato Djougou ta ƙasar Benin a yau.

Asabar, 25 ga Janairu

Wannan shi ne zama mafi muni da muka yi, kuma zan rubuta shi dalla-dalla domin kada in manta da inda abin ya karkace.

Ayari ya iso bakin Kwara. Sarkin ruwa ya nemi wake 12 kuɗin fito, madugu ya ga abin ya yi tsada, jagaba kuma ya jiyo cewa masuntan wani ƙauye da ke gaba za su ƙetarar da su da dare a kan wake 4. Shawarar ta burge ni, domin ban shirya mata ba, daga kansu ta fito. Na ce wa abokina ya jefa. Ya jefa, ƙwaya ɗaya ta nuna 1, ɗayar ta nuna 3, da makinsa ɗaya jimla 5. Nan take na miƙa hannu na kwashe ƙwallon dabino 11 daga cikin 20, na ce kwale-kwale biyu sun kife a tsakiyar kogi, jakunan sun nutse, kanwar da ke kansu ta narke.

Ɗakin ya yi tsit. Abokina ya ajiye alƙalaminsa a hankali ya ce, “Malam, da ka gaya mini haka ruwan yake, wallahi da na biya kuɗin fiton. Madugun da ya sha ƙetare Kwara ba zai rasa sanin wannan ba.” Na fara kare kaina da cewa shi ya zaɓi dare, kuma kowa ya san hatsarin kogi. Ya ce shi a zatonsa mafi munin abin da zai faru shi ne a kama su a ci su tara. Ɗan kawuna ya goyi bayansa, ƙanena ya ce a bar sakamakon yadda yake tunda an riga an jefa, aka tashi ba a daddale ba, kuma ba wanda ya tsaya shan shayi.

Da na kwanta na sake juya maganar, sai na ga gaskiyarsa. Hoton kogin da ke kaina, mai faɗi, mai igiyar ruwa, da ƙananan kwale-kwale na masunta da ba a yi su don ɗaukar dabba ba, ban taɓa fitar da shi daga bakina ba. Shi kuma wani kogin yake gani a nasa kan. Ya yi kasada a kan abin da yake gani, ni kuma na biya shi da abin da ni kaɗai nake gani. Ɗan wasa ba shi da ido a cikin labari sai bakin mai jan ragama, saboda haka duk abin da madugu na gaske zai gani da idonsa ko ya sani daga gogewarsa, haƙƙin abokina ne in faɗa masa kafin ya taɓa ƙwaya.

Laraba, 29 ga Janairu

Na je gidan abokina bayan la'asar na ba shi haƙuri, muka zauna a kan tabarma a ƙofar gida muka duba mafita. Ba na son al'adar goge abin da ya riga ya faru, domin idan kowace mummunar jifa ana iya janye ta, to jifar ba ta da nauyi. Amma a nan kuskuren nawa ne, ya kuma auku kafin jifar, don haka na yanke cewa za mu koma bakin kogi sau ɗaya tak, a fili, da sanin kowa. Na rubuta haka a dandalinmu na WhatsApp, kowa ya amince, har da ƙanena.

Na kuma ɗauko wata ƙa'ida daga Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017, inda kafin kowace jifa ake bayyana matsayin ɗan wasa a ɗaya daga mataki uku gwargwadon girman hatsarin. Na sa musu suna da Hausa a kan kwali: cikin natsuwa, cikin kasada, da halin ƙaƙa-nika-yi. Daga yanzu ba wanda zai jefa sai na faɗi matakin, na faɗi mafi munin abin da zai iya samunsa, na kuma tambaye shi ko har yanzu yana kan bakansa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mun koma bakin Kwara. Na kwatanta musu kogin da kwale-kwalen yadda ya kamata, na ce wannan halin ƙaƙa-nika-yi ne, kuma idan jifa ta faɗi za su iya rasa rabin jakunansu. Na kuma nuna musu lissafin, domin ba sirri ba ne: ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36, kuma ga mai maki ɗaya, 10 daga ciki nasara ce cikakkiya, 16 nasara ce mai asara, 10 faɗuwa ce. Ƙanwata ta ce a biya sarkin ruwa a huta. Abin mamaki, madugu ya sake zaɓar masunta, ya ce wake takwas ɗin da za a tsira da su goro ne mai yawa a Salaga. Ya jefa ya sami 8. Na ba shi zaɓi: ko jakuna uku su tafi da kayansu, ko kowa ya haye lafiya amma mutanen sarkin ruwa su hango su. Ya zaɓi na biyu.

A nan na fara amfani da agogon hatsari, shi ma daga wasan Harper. Na zana da'ira a kan kwali na raba ta gida shida, na rubuta “Fushin sarkin ruwa” a kai, na cike gida biyu da jan maka, na ajiye ta a tsakiyar tebur inda kowa yake gani. Na gaya musu cewa duk kwanan da suka ƙara kusa da kogi, da duk jifar da ta faɗi a wannan yanki, gida ɗaya zai cika, kuma ranar da ta cika mutanensa sun cim musu. Tasirin wannan ɗan kwali ya wuce yadda na zata. Duk lokacin da wani ya kawo shawarar a tsaya, sai idanu huɗu su koma kansa. Sauran wake 47 bayan an sayi abinci.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ba a yi zama ba, ɗan kawuna ya tafi ɗaurin aure. Na sayi fitila mai caji a kan naira 9,500, domin sau biyu ke nan ana ɗauke wuta muna tsakar wasa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Agogon ya cika. Sun kwana biyu a zango guda saboda uban dawaki ya ce jakuna sun gaji, kuma sun san farashin hakan tun kafin su tsaya. Jifa biyu kuma suka faɗi. Da na cike gida na shida ba wanda ya ce uffan a kan adalci. Mutanen sarkin ruwa suka iso da asuba suka tafi da wani yaro mai kora jaki a matsayin jingina har sai an biya fito da tara.

Ƙanena ya ce jagaba zai koma shi kaɗai da dare ya kuɓutar da yaron. Na ce masa, “Ka ji da kyau. Halin ƙaƙa-nika-yi ne. Idan ta faɗi za su kama ka, kuma ba zan turo kowa ya cece ka ba, sai dai ayari ya yanke abin da zai yi da kai.” Ya ce, “Na ji, Yaya. Ni na kawo maganar masuntan nan, ba zan bar yaron mutane ba.” Ya daɗe yana kaɗa ƙwayoyin a tafin hannunsa kafin ya sake su, ɗaya ta gangara ta tsaya a jikin kofin wake. Biyu da biyu, da makinsa ɗaya, 5.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta so in sassauta. Shi ne ƙaramin cikinmu, ya fi kowa son jaruminsa, har hotonsa ya zana a bayan takardarsa. Na ji kalmomin sun zo bakina, in ce ya kuɓuce da rauni kawai. Abin da ya riƙe ni shi ne na riga na faɗi farashin, ya ji, ya kuma karɓa saboda wani dalili mai kyau. Da na rage masa, da na nuna cewa jarumtar da ya yi ba ta da wani hatsari tun asali. Na ce an kama jagaba, an ɗaure shi kusa da yaron.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi kyawun rabin sa'a da muka yi tun da muka fara. Sarkin ruwa ya nemi wake 25, wato fito 12 da tara 13. Malamin ayari ta zube waken ta raba shi kashi biyu, ta nuna cewa idan aka biya, 22 ne za su rage, kuma da wuya su isa haraji da abinci har Salaga ba tare da an karyar da wasu tufafin a hanya ba. Uban dawaki ya ce a kai hari. Madugu ya yi shiru mai tsawo, sa'annan ya tura waken da kansa zuwa gabana. Na lura cewa sakamakon da ya fi aiki shi ne wanda ya ajiye sabuwar tambaya a gaban 'yan wasa. Nutsewar jakuna a ranar 25 ga Janairu ba ta bar musu abin yi ba sai kallo, kamun jagaba kuwa ya sa kowa ya bayyana irin mutumin da yake wasa da shi.

Matsala ɗaya ta fito: ƙanena ya zauna kusan minti arba'in ba shi da abin yi. Nan gaba idan aka ware wani, zan riƙa komawa gare shi da ɗan gajeren fage, ko in ba shi wani mutumin labari ya riƙe.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ayari ya ratsa ƙasar Borgu ta Nikki ya isa Zugu, inda na fito da bashin tsohuwa mai dawa. Mai masauki ya ƙi saukar da su, ya kuma gargaɗi sauran masu masauki. Na zaci za su gane nan take, amma mako biyar sun wuce, kuma ko ɗan kawuna da ya aikata abin ya manta. A idonsu ƙiyayya ce ta faɗo daga sama. Sai da na sa mai masaukin ya ambaci 'yar'uwarsa da zangon da dawar, sannan ɗan kawuna ya dafe kai ya tuna. Ya nemi a bar uban dawaki ya je ya ba da haƙuri ya biya ninki biyu daga rabonsa, ya jefa ya sami 9, aka sauke su a bayan gari a kan kuɗi mafi tsada.

Fage ne mai kyau, amma saura kaɗan ya lalace, kuma dalilin a bayyane yake: agogon sarkin ruwa yana kan tebur, bashin tsohuwa kuwa yana cikin littafina ni kaɗai. Mun amince ƙanwata ta buɗe shafi mai suna “Masu bin mu da waɗanda muke bi”, inda za ta rubuta duk wanda ayari ya ɓata wa da duk wanda ya yi wa alheri, ta karanta shi a farkon kowane zama. Na kuma ga cewa kusan duk abin da na tanada sakamakon laifi ne. A zango na biyu jagaba ya raba ruwansa da wani matafiyi marar lafiya, ban rubuta komai a kai ba. Na gyara wannan a daren nan.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato, don haka mun dakatar da zama sai bayan Sallah. Jimlar abin da na kashe zuwa yau naira 13,700, ban da shayi da burodi da muke karɓa-karɓa.

Ga aikin da ke gabana a wannan hutu. Zan rubuta mutanen Sansanin Mango da Yendi da Salaga a tsarin layi uku, da farashin ƙwaryar goro, wato goro ɗari, a kowace kasuwa, da agogo na biyu don dawowa, tunda goro yana lalacewa idan ba a riƙa buɗe huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa ba, kuma wannan zai sa kowane jinkiri ya zama shawara mai tsada. Salaga ta wancan zamani babbar kasuwar bayi ce, ba kuma zan share wannan daga labarin ba, amma sai na zauna da su huɗun mun yarda a kan iyakar abin da za a nuna da abin da jarumansu ba za su taɓa ba, kafin ayari ya shiga garin.

Akwai kuma abin da har yanzu ban warware ba. Saboda abokina ne madugu, kuma shi ne babba a cikinmu, maganarsa ce take zama ta ƙarshe, kuma sau biyu ke nan lissafin ƙanwata yana nuna hanya ɗaya ayari ya bi wata. Ina tunanin ba kowane jarumi fanni guda da hukuncinsa ne zai tsaya a kai: kuɗi a hannun malamin ayari, hanya a hannun jagaba, tsaro a hannun uban dawaki, madugu kuma ya riƙe hulɗa da sarakuna da ranar tashi. Zan kai wa abokina wannan shawara shi kaɗai tukuna, in ji ta bakinsa, kafin in sa ta a gaban sauran.